Wai tsoka tana komawa kitse in an daina ɗaga ƙarfe?

Tsohon Ɗan Dambe: Salamu alaikum jama'a. Wani yaro a unguwarmu mahaifinsa ya hana shi ɗaga ƙarfe, wai ranar da ya daina tsokar za ta narke ta zama kitse. Ni na goyi bayan uban. Shekara tara na yi ina dambe, da na daina ko shekara biyu ba a rufa ba damtse ya saki, tumbi ya fito. Ina tsokar ta tafi in ba can ba?

Koci: Wa alaikumus salam, Baba. Abin da ka gani a jikinka gaskiya ne, amma abu biyu ne suka faru lokaci guda. Tsoka zare-zare ce mai tsukewa ta ja ƙashi, kitse kuwa ƙwayoyi ne masu ajiyar mai. Ɗaya ba ta rikiɗa ta zama ɗaya. Zaren ya sirance don ba ya aiki, rumbun mai ya cika don abinci ya yi rara.

Mahauci: Koci, a nan zan ja da kai. Kullum wuƙa tana hannuna. Ragon da aka turke wata uku, in ka yanka za ka ga farin kitse a cikin jan naman kansa, ba a bayan fata kaɗai ba. Wannan fa?

Malamar Ilimin Jiki: Madalla da wannan tambaya, Malam. Haka yake a jikin mutum ma, musamman mai yawan zama ko wanda ya manyanta. Sai dai kitsen tsakanin zaruruwan yake shiga ya zauna. Kai da kanka kana iya feɗe shi gefe, jan naman yana nan. Baba kuma, sakin da damtse ya fara yi a makonnin farko, wani ɓangarensa ruwa ne. Tsoka tana ajiye sukari mai suna gilaikojin, wajen giram 400 a jikin babban mutum, kowane giram yana riƙe da ruwa kusan giram 3. In atisaye ya tsaya, ajiyar ta ragu, sai hannu ya yi kamar an sace masa iska.

Ɗan Autan Zaure: To ai duk ɗaya ne, Anti. Tsoka ce ke ƙona abinci, in ta tafi dole a yi ƙiba.

Malamar Ilimin Jiki: Ba kamar yadda ake zuzutawa ba, ƙanena. Kilo ɗaya na tsoka, in mutum yana hutawa, kalori 13 (ma'aunin kuzarin da ke cikin abinci) yake ƙonawa a yini, na kitse kusan 4 da rabi. Ko kilo uku na tsoka ka rasa, ragin ƙonawar a yini bai kai kalorin cokalin man gyaɗa guda ba. Atisayen da aka bari shi ne babban giɓin, alhali kwanon tuwo bai ragu ba.

Tsohon Ɗan Dambe: Wannan kam ba zan musa ba. Cin da nake yi lokacin dambe, fura da tsire da tuwon dare, haka na ci gaba da yi ina zaune a shago. Amma har yanzu ina ganin da ban tara tsokar ba, da cikina bai saba da ci haka ba.

Koci: Sabon ci gaskiya ne, Baba, shi ya sa nake gaya wa yarana ranar da suka rage ƙarfe su rage malmala. Amma hana yaro gaba ɗaya yana ba ni takaici, don ƙashinsa ma ƙarfi yake yi da ɗaukar nauyi. In uban zai yarda, ka kawo min su biyun ranar Asabar bayan la'asar, ya ga nauyin da muke fara wa yara da idonsa.

Tsohon Ɗan Dambe: Zan yi masa magana bayan sallar isha'i, in sha Allahu.