Matan da suka shirya fim tun kafin fim ya yi magana: da wanne zan fara?

Rabi: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina son kallon finafinan da mata suka shirya a zamanin da fim ba ya magana, musamman waɗanda suka taɓo matsalolin jama'a. Da wanne zan fara?

Anti Binta: Wa alaikumus salam 'yata. Nemi Shoes na Lois Weber, 1916. Wata budurwa ce mai aiki a kanti, albashinta ke riƙe da gidansu, uban kuwa yana kwance yana karance-karance. Takalminta ya ɓule, kullum dare sai ta yanko kwali ta shimfiɗa a ciki. Ruwan sama ya sauka, kwalin ya jiƙe ya zama kamar tuwo. Weber ta daɗe tana nuna ƙafafun nan, har sai ka ji sanyin a naka jiki. Daga ƙarshe yarinyar ta ba da kanta saboda takalmi, fim ɗin kuma bai zage ta ba, ya ɗora laifin ne a kan albashin da kuma uban.

Malam Sani: Gaskiya Hajiya. Ki ƙara da The Blot, 1921, nata ne shi ma. Malamin jami'a da albashinsa ba ya ciyar da iyali, matarsa na leƙen abincin maƙwabta. Mu malamai mun san wannan.

Jamila: Where Are My Children? fa? Shi ma na Weber ne, 1916, kan tsarin iyali da zubar da ciki.

Anti Binta: A kalla, amma da ido buɗe. Akwai ra'ayin wancan zamani a ciki na cewa wasu mutane ba su cancanci haihuwa ba. Ban yarda da shi ba ko kaɗan.

Malam Sani: Kada a manta Alice Guy ta Faransa, wadda ta fara a kamfanin Gaumont, daga baya ta kafa kamfanin fim na Solax a Amurka a 1910. Making an American Citizen, 1912, kan miji mai dukan mata ne. Gajere ne, zama ɗaya.

Rabi: Allah ya saka. Human Wreckage fa, na Dorothy Davenport?

Jamila: Ya ɓace, Yaya Rabi, babu kwafinsa. Ta yi shi a 1923 bayan ƙwaya ta kashe mijinta, Wallace Reid. Wani fim ɗinta, The Red Kimono na 1925, yana nan, shi za ki nema.

Rabi: To, Shoes yau da dare in Allah ya yarda.