Wa ya taɓa bar wa AI ragamar fayawol?

Na Ringim: Salamu alaikum jama'ar zaure. Akwai wata manhaja da nake son jona wa wakilin AI ɗina, ya riƙa rubuta min dokokin fayawol, wato katangar da ke tace abin da ke shiga da fita, a sabar kafe. Amma takardar bayaninta ko shafi biyu ba ta cika ba. Yaya ake gane mai kyau tun kafin a saka?

Mai Sola: Wa alaikumus salam. Shafi biyu ai ya yi yawa ma, wa ke karantawa?

Malamin Kwamfuta: AI ɗin ne ke karantawa, Mai Sola. Kai in abu ya shige maka duhu sai ka kira wani ka tambaya. Shi abin da aka rubuta masa kawai yake gani, inda aka bar giɓi ya cike da hasashe.

Daminar bara na haɗa wa wata makaranta sabar Linux a wani ƙauye can bayan Kafin Hausa. Ina zaune a gida na ce wa wakilin ya rufe komai, ya bar min ƙofa ta 22, wadda nake shiga sabar daga nesa ta SSH, da ta 443 ta shafukan yanar gizo. Bayanin manhajar da na jona masa layi ɗaya ne, wai tana ƙara doka. Ba a ce dokar na fara aiki nan take ba. Sai ya fara da ta rufe komai, da niyyar ya biyo da ta buɗewa. Kafin ya kai ga ta biyun SSH ya yanke, ni a waje, shi ma a waje.

Na kira maigadi na ce Baba kashe ka kunna, don na san dokokin iptables, fayawol ɗin Linux, ba sa tsira bayan an kashe inji sai in an adana su. Ashe manhajar da kanta take adanawa, wannan ma ba a rubuta ba. Washegari na hau mashin, hanya duk taɓo, na tura fiye da yadda na tuƙa. Da na isa na sa dokar buɗe 22 ta cikin manhajar, shiru. Sai da na jero dokokin na ga tawa tana can ƙasa. iptables daga sama yake bi, dokar da ta fara dacewa ita ke yanke hukunci. A umarninsa, -A ƙarshen layi take kai doka, -I gaba. Manhajar -A take yi, ba wanda ya faɗa.

Don haka ɗan'uwa na Ringim, duba ka gani: ina sabuwar doka take sauka, yaushe take fara aiki, kuma ta ina ake komawa baya. In babu waɗannan, ƙyale ta ko da tana da hotuna masu kyau.

Mai Sola: Allah sarki Malam. Mashin ɗin dai ya dawo lafiya?

Malamin Kwamfuta: Sai da aka canza masa fulogi.

Ɗan Gumel: Shi ya sa ban rabu da rawutar MikroTik ba. Ka danna Safe Mode a Winbox, manhajar saita ta, in layi ya yanke rawuta ta warware abin da ka yi da kanta.

Na Bichi: An fara. A kawo maganar tuwo ma sai ka sako MikroTik.

Ɗan Gumel: Kai da ka bar ƙofar Winbox ta 8291 a buɗe ga duniya har wata guda, yi shiru.

Na Bichi: Gwaji nake yi.

Hajiyar Kafe: Ku bari mana. A Linux ma akwai irinsa, iptables-apply. Yana saka dokokin ya jira ka tabbatar, in ka yi shiru daƙiƙa 10 ya mayar da na da. Sauran kayan fayawol na Linux ma, ufw yana da --dry-run, nft yana da -c, duk don a duba ba tare da an taɓa komai ba. Ni abin da nake fara nema a takarda ke nan. Sai kuma IPv6, sabon tsarin adireshin intanet. Wasu ba sa ambatonsa ko sau ɗaya, ka kulle ƙofar gida ka bar ta baya a wangale.

Na Ringim: To in na ba AI ɗin takardar na yi masa tambayoyin Malam fa? In ya amsa, ta yi ke nan.

Hajiyar Kafe: Zai amsa maka tsaf ko babu a ciki, daga abin da ya sani na wasu manhajojin. Ka ce ya nuna maka layin da ya gani.

Malamin Kwamfuta: Hajiya ta gama magana. Kuma in kana da Docker, mai gudanar da manhajoji a keɓe, a sabar, duba ko sun yi maganarsa. Ƙofar da Docker ya buɗe tana tsallake dokokin ufw, kai kana ganin a rufe take.

Ɗan Gumel: Ni har yanzu ban ga dalilin ba wa inji makullin gida ba. Dokoki nawa ne a kafe? Goma?

Na Bichi: Ka iya goman ne?

Mai Sola: Af, wa zai shiga Maigatari ranar Alhamis? Akwai batir biyu da nake son a taho min da su.

Ɗan Gumel: Zan shiga in Allah ya kai mu. Amma kuɗin mota a kanka.

Na Ringim: Jama'a, in saka ko kar in saka?

Mai Sola: Rabi-rabi, Ɗan Gumel. Ai hanyarka ce.