Neman kalma: me za mu kira cututtukan da ake ɗauka daga kaska?

Maman Ilham, Tudun Wada: Assalamu alaikum malamai. Gobe da safe zan naɗi shirin lafiya a rediyo, kuma takardar da aka ba ni cike take da "tick-borne diseases". Babbar Sallah ta gabato, so ake a gargaɗi mahauta da masu layya. Ina neman suna gajere wanda ba zai harɗe ni ba, sai kuma sunan wannan zazzabin na Kirimiya da Kongo.

Sani Kofar Doka: Wa'alaikumus salam. Zazzabin cizon kaska mana. Tunda muna da zazzabin cizon sauro, kunne ya riga ya saba.

Dakta na Shika: Malam Sani, da cuta ɗaya ce da an gama. Ba ɗaya ba ce. Akwai wadda ke barin baƙin ɓawo daidai wurin cizon, ga kaluluwa, ga ciwon kai. Ƙwayar bakteriya ce, doksisaikilin na kashe ta cikin 'yan kwanaki. Akwai zazzabi mai tafiya ya dawo, wanda wata kaska mai taushi da ke zama a ramin ɓera ke kawowa. An yi nazarinsa sosai a Senegal, kuma sau da yawa maleriya ake ɗaukarsa, a yi ta shan maganin da ba nasa ba. Akwai cutar Lyme, wadda ta samo suna daga wani gari a jihar Connecticut ta Amurka inda aka lura da ita a 1975. Tana iya taɓa gaɓoɓi da jijiyoyi har da zuciya. Sai wanda Malama ta tambaya, shi bairos ne, antibayotik ba ya yi masa komai. In kika sa musu suna ɗaya, mai sauraro zai zaci magani ɗaya ne, ya wuce kemis.

Malam Tanimu Mai Nahawu: Ku dakata. Kullum sai mun jero kalma uku huɗu kamar masu karanta wasiƙa. Hausa na da ƙirar sunan cuta tun kaka da kakanni: sanƙarau. A zamaninmu aka yi ƙanjamau, ta zauna daram. To ga tawa: KASKAU. Gaɓa biyu, an wuce wurin.

Sani Kofar Doka: Allah ya gafarta Malam, ni da na karanta sai na ji ƙamshin masa. Kasko na gani.

Hajiya Binta, Kwalejin Ilimi: Ba ma dariyar ba, ƙirar ce ba ta hau ba. Sanƙarau daga sanƙare take, ƙanjamau daga ƙanjame. Aikatau ne, suna faɗin abin da cutar ke yi wa jiki. Kaska suna ce. In haka ne sai mu ce saurau, mu ce ɓerau ga zazzabin Lassa.

Malam Tanimu Mai Nahawu: To me ya hana? Hajiya, harshe da ƙirƙira yake girma. A garin nan na Zariya aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, da mutanen wancan lokaci sun tsaya tsoron dariya da yau ba mu da rabin kalmomin da muke rubutu da su. Mu ne muka koya wa ƙasar Hausa rubutun boko, yanzu kuma sai mun jira wani kwamiti a Kano ya sa mana hannu?

Bakano a Samaru: Ranka ya daɗe, ku fara sasantawa da jinsi tukuna. Jiya a kasuwa na ji wani yana cewa "kaska ya cije ni". Wanda bai san kaska mace ce ba shi zai raɗa wa cutarta suna?

Sani Kofar Doka: Zazzaganci ne, ba kuskure ba ne. Kai da kake cin abincinmu shekara da shekaru, kaska raɓi mai jini.

Bakano a Samaru: Daidaitacciyar Hausa dai a kan Kananci aka gina ta, ko a Zariya aka buga.

Maman Ilham, Tudun Wada: Don Allah yayyena, gobe ne fa. Ku bar Kano da Zazzau zuwa bayan Sallah.

Dakta na Shika: Bari in koma kan zazzabin Kirimiya da Kwango, don shi ne mai kisa. An fara bayyana shi a yankin Kirimiya na gabashin Turai a 1944, aka sake samun ƙwayar a Kwango a 1956, sai a 1969 aka gane abu ɗaya ne, shi ya sa sunan ya zo biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari na waɗanda suka kamu. Zazzabi ne na farat ɗaya, da ciwon jiki, ciwon wuya, jan ido, amai, daga baya haɓo, dasashi na jini, fata ta yi tabo-tabo. Abin da ya sa ban yarda da "cizon" a sunansa ba: ba sai kaska ta cije ka ba. Saniya ko rago na iya ɗauke da ƙwayar a jini alhali yana cin dusa lafiya lau, ba alamar komai. Mahauci mai ƙujewa a hannu ya yi fiɗa, ya ɗauka. Mai jinya ma na iya ɗauka daga jinin majinyaci. In kika ce "cizon kaska", mahauci zai ce shi ai ba abin da ya cije shi.

Hajiya Binta, Kwalejin Ilimi: To a cire cizon. Zazzabin kaska mai zubar da jini. Kuma Malama, kada ki kuskura ki ce "zazzabin Kongo" a rediyon Zariya. Kafin azahar za a ce annoba ta ɓulla a harabar jami'a ta Kongo, iyaye su fara kiran 'ya'yansu.

Sani Kofar Doka: Wallahi kuwa. Har masu adaidaita za su daina bi ta nan.

Ɗan Kara: Ni ba malami ba ne, dillalin shanu ne. Ku duba yadda muke yi a kara: ka ɗaga wutsiya ko ka leƙa hantsa, ka tarar da ita ta ƙoshi ta yi tim kamar 'ya'yan zurma, ka fincike, ka murtsuke da farce, jinin ya fantsama a yatsu, ka goge a gefen riga, ka miƙa wa mai saye hannu. Yara ma haka suke yi wa kunnen kare. Mu kaska mun san ta da kirci a fatar shanu, ba wanda ya taɓa ce mana tana sa wa mutum ciwo. Duk sunan da za ku sa, ku sa wanda zan iya maimaita wa yarana.

Dakta na Shika: Wannan murtsukewar ita ce ya kamata shirin ya tsaya a kai. A kama ta da hantsaki dab da fata, a ja a hankali ba murɗawa, a wanke wurin da sabulu. Ban da kananzir, ban da wutar ashana. Masu fiɗa su sa safar hannu. Zazzabi ya zo bayan cizo ko bayan fiɗa, a gaya wa likita hakan da baki, kada a jira ya tambaya.

Malam Tanimu Mai Nahawu: Kun ji ko? Ɗan Kara ya ce wanda zai iya maimaitawa. Kaskau ke nan. Gaɓa biyu.

Ɗan Kara: A'a Malam, in na ce kaskau a kara za a zaci wani sabon maganin feshi ne.

Maman Ilham, Tudun Wada: Na gode ƙwarai. Ga abin da zan yi. Na gaba ɗaya: "cututtukan da kaska ke yaɗawa", in na maimaita sai in ce "cututtukan kaska". Mai kisan: "zazzabin kaska mai zubar da jini", kuma zan faɗi maganar jinin dabba tun a farko. Kirimiya da Kwango sau ɗaya zan ambata, in ce ƙasar Kwango. Lyme kuwa layi ɗaya zan ba ta.

Bakano a Samaru: "Cututtukan kaska" na iya nufin kaskar ce ba ta da lafiya.

Hajiya Binta, Kwalejin Ilimi: Ba mai sauraron da zai yi zaton za a kai kaska asibiti.

Malam Tanimu Mai Nahawu: Na bar muku don gobe kawai. Wannan bayani ne, ba suna ba ne, kuma ni a ajina kaskau zan ci gaba da rubutawa.

Maman Ilham, Tudun Wada: Allah ya bar zumunci, Malam. Dakta, zan kira ka bayan isha'i ka duba min sakin layi na biyu.