"Da tsohuwar zuma ake magani": ta hau kan finafinai kuwa?

Ɗalibar Adabi:
Assalamu alaikum. Duk inda aka tada gardamar finafinan da da na yanzu, karin magana biyu ake jifan juna da su. Masu goyon bayan tsofaffi su ce "da tsohuwar zuma ake magani", masu son na zamani su mayar musu da "kowa ya tuna bara, bai ji daɗin bana ba". Ina roƙon iyayenmu da malamanmu su warware mini: ta farkon nan ta hau kan fim kuwa, ko ɗauko ta kawai ake yi don a rufe wa yaro baki?

Tsohon Ɗan Kallo:
Wa alaikumus salam, 'yata. Ta hau ɗaram. Nemi fim ɗin Buster Keaton, ɗan wasan barkwanci na Amurka, na 1928 inda bango ya faɗo masa. Yana tsaye a gaban gida ya ba shi baya, guguwa na kaɗawa, sai bangon gaban gidan gaba ɗaya ya rufto. Bangon na gaske ne, katako mai nauyi. Abin da ya tsirar da shi taga ce buɗaɗɗiya a saman bangon, wadda aka auna ta sauka daidai inda ya dasa ƙafafunsa. Da ya gusa taku ɗaya, da sai dai a ɗauki gawarsa. Fim ɗin ba magana, ba kala, amma har gobe in ka nuna wa mutum sai ya dafe ƙirji. Yanzu kuwa a gabanka za a rushe birni guda da kwamfuta, jarumi na tsaye gaban koren ƙyallen da ake maye gurbinsa da hoton kwamfuta yana ihu, kai kuma ko gezau, domin zuciyarka ta san ba abin da ya faɗi.

Malamin Hausa:
Baba ya kawo misali mai kyau, amma mu fara da inda ake faɗin maganar. Galibi a kan mutum ake yin ta. Aiki ya cije wa sabbin hannu, aka koma aka ɗauko tsohon gwani ya warware shi, sai a ce da tsohuwar zuma ake magani. Sharaɗi biyu ne a cikinta. Na farko, abin ya zama zuma tun asali, ba kowane tsohon abu ba. Na biyu, a ga maganin da ya yi. Ba ta ce sabuwar zuma ba ta da kyau ba, kuma ba ta ce tsufa kaɗai ke sa abu daraja ba. Saboda haka a kan wannan fitowa ta Keaton ta zauna. In aka shimfiɗa ta a kan duk wani fim da aka yi kafin a haife mu, an ɗora mata kayan da ba nata ba.

Mai Haɗa Hoto:
Malam, kun faɗi abin da ke raina. Sana'ata tace hoto, kuma abin da ke damuna da wannan gardama shi ne ba a yin adalci wurin awo. Ana ɗauko zaɓaɓɓun finafinan shekara hamsin, a aza su kusa da duk abin da ya fito bana, mai kyau da marar kyau. A shekarun 1930 da 1940 kamfanonin Hollywood na fitar da ɗaruruwan finafinai duk shekara. Guda nawa muke iya ambata? Sauran sun bi ruwa. Wani rahoto da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan Amurka marasa magana sun ɓace kwata-kwata. Abin da Baba ke kallo, wanda zamani ya tankaɗe ya bari ne.

Hajiya Mai Son Tarihi:
Ɗana, a nan ban yarda da kai ba. Ka yi magana kamar ɓatan nan zaɓe ne, alhali yawancinsa gobara ce da sakaci. Zaren fim na wancan lokaci da sinadarin naitiret ake yin sa, abu ne mai saurin kama wuta, in kuma ya daɗe a ajiye sai ya narke ya zama gari. Sai wajen 1950 aka daina amfani da shi. A 1937 rumbun ajiyar kamfanin Fox ya ƙone a New Jersey, a 1965 na MGM ma ya kama. Wasu kamfanoni da hannunsu suka lalata tsofaffin faifansu don su ciri azurfar da ke jiki, ganin cewa da magana ta shigo fim a 1927 ba mai sake neman marar magana. Ko Indiya, fim ɗinta na farko mai magana, Alam Ara na 1931, babu kwafinsa ko ɗaya da aka sani yau. Wuta ba ta tambayar wanne ne mai kyau. Don haka ba shara kaɗai aka rasa ba, an rasa har da zumar da ba wanda zai sake ɗanɗanawa, kuma wannan asarar tana yi mini ciwo.

Mai Haɗa Hoto:
Gaskiya ne, Hajiya, gobara ba ta zaɓe. Amma ko cikin waɗanda suka tsira, dubbai na nan a ajiye ba mai waiwayarsu, wannan kuwa masu kallo ne suka yi shi. Kuma a duba aibin na da ɗin ma. Mutum na zaune cikin mota yana murza sitiyari hagu da dama, titin da ake haskawa a bayansa kuma miƙaƙƙe. Wannan mai sauƙi ne. Wanda ya fi shi ɗaci shi ne yadda ake nuna baƙar fata: ɗan dako mai kaya a ka yana bin Bature cikin daji, ba suna, ba magana, in ya faɗa rami ba mai juyowa. Wannan ba na kiran sa zuma komai tsufansa. Sannan ba duk na yanzu ne koren ƙyalle ba. Mad Max na 2015 a hamadar Namibiya aka ɗauki yawancinsa, da motoci na gaske da mutane na lilo a kan dogayen sanduna. A 2020 kuma fim ɗin Koriya ta Kudu ya lashe babbar kyautar Oscar, karo na farko ga fim da ba na Turanci ba. A zamanin da ake yabo, wace ƙofa aka buɗe wa irinsa?

Tsohon Ɗan Kallo:
Maganar yadda aka nuna mu, ba ni da ja. Amma ka amsa mini wannan, tunda aikinka ne. Me ya sa ba kwa barin kyamara ta zauna? A da za a tsaya kan fuskar mace an kawo mata labarin rasuwa, a bar ka da ita har ka ga leɓenta ya fara rawa, hawaye ya taru bai zubo ba. Yanzu kafin ka ƙare kallon fuska an yanke, an kai ka wani wuri, an sake yankewa. Ga kuma labari ɗaya ana ta jan sa, kashi na biyu, na biyar, na goma. Ba ni kaɗai ke faɗa ba. A 2019 darakta Martin Scorsese ya ce finafinan jarumai masu tashi sama sun fi kama da filin wasannin nishaɗi. In na tuna bara, dalili ne ya sa.

Hajiya Mai Son Tarihi:
To ga ta biyun ta shigo. Ni a fahimtata, "kowa ya tuna bara" ba martani ba ce ga mai yabon da, goyon bayansa ma take yi. Cewa take in ka ji mutum na ambaton bara, to bana ba ta yi masa daɗi ba. Yaron da ya jefa wa dattijo ita ya amsa ke nan cewa akwai abin da bana ta gaza.

Mai Haɗa Hoto:
Mu dai yadda muke jin ta a bakin mutane, laifin na mai tunawar ne. Shi ne bai samu shiga bana ba. Sau da yawa ba fim ɗin mutum ke kewa ba, ƙuruciyarsa yake kewa da waɗanda ya kalla tare da su. Game da saurin yanka kuwa, Baba, kuna da gaskiya a kan da yawa. Furodusa na tsoron mai kallo zai ɗauki waya in hoto ya daɗe, sai ya matsa wa mai tacewa ya rage.

Malamin Hausa:
Duka fassarorin biyu ana amfani da su, kuma maganar ta ɗauke su, domin ba ta faɗi dalilin rashin jin daɗin ba. Yana iya zama daga shekarar, yana iya zama daga mutumin. Muryar mai faɗa da wurin da aka faɗa su ke bambantawa.

Akwai abu ɗaya da nake so ɗalibarmu ta lura da shi. Sholay, da ake sawa a sahun gaba na finafinan Indiya, da ya fito a watan Agustan 1975 masu sharhi sun kushe shi, kuma makonnin farko kasuwarsa ba ta tashi ba. Daga baya ya shafe sama da shekara biyar ana nuna shi a silima guda a Bombay. Wanda ya tsaya a ƙofar silimar nan a makon farko yana cewa da tsohuwar zuma ake magani, da wannan fim ɗin yake kushewa. Shi ya sa nake ganin a yi amfani da ita wurin yabon tsohon fim da aka sake kallo aka ga har yanzu yana aiki, kada a ɗauke ta a yanke wa na bana hukunci tun bai shekara ba.

Ɗalibar Adabi:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Saura guda, Malam: ya dace ƙarami ya faɗa wa babba "kowa ya tuna bara" a gaban idonsa?

Malamin Hausa:
Bai dace ba, 'yata. Tsakanin sa'o'i ana yin ta, ko mutum ya faɗa a kan kansa. Ga babba kuwa tana fita kamar gori, kamar an ce masa zamani ya wuce shi. In kina son ki nuna masa na yanzu ma na da nasu, ki ce "sarki goma, zamani goma", sannan ki kawo masa sunan fim guda na bana da kika tabbatar da ingancinsa, ki roƙe shi ya kalla har ƙarshe kafin ku ci gaba da maganar.