Wai IAEA ɗin nan sa ido take yi ko karen farautar manya ce?

Ɗan Tudun Wada:
Salam jama'a. Don Allah masu sani ku warware min wani abu, jiya a majalisa saura kaɗan mu ɓata da abokina akan maganar nukiliyar Iran. Shi ya dage wai hukumar nan ta IAEA mai sa ido kan nukiliya a duniya karen farautar Amurka ce kawai, ni kuma nace ai dole a samu masu sa ido tunda abu ne da zai iya tashin gari guda, amma gsky da yace min to me ya hana su leƙa Isra'ila sai nayi tsit. In ƙasa tace lantarki kawai take so ina ruwan wani da ita?

Malamin Fiziks:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa matsalar a injin take. Yuraniyom ɗin da ake haƙowa, irin na Arlit a Nijar, ɓangaren da ke ba da wuta a cikinsa bai wuce kashi 0.7 cikin 100 ba, dole sai an tace. Tashar lantarki kashi 3 zuwa 5 ya ishe ta, bam kuma wajen 90 yake so, kuma injin da ya kai ka 5 shi ne dai zai kai ka 90, ƙarin lokaci ne kawai, in ma ka kai 20 to mafi yawan wahalar ta wuce. Shi yasa a yarjejeniyar da Iran ta yi da manyan ƙasashe a 2015 aka tsayar mata 3.67, Trump ya fice a 2018, zuwa 2021 ita kuma ta kai 60.

Su kuma ma'aikatan hukumar ba su da soja ba su da ɗan sanda. Ƙirga suke yi, su auna, su kafa kyamara, su ɗaure kaya da hatiminsu, su goge ƙurar bango da ƙyalle su kai ɗakin gwaji a gani ko an taɓa tace wani abu a wurin, sai su rubuta rahoto a hedkwata a Biyana. Hukunci na Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ne.

Kuma ba sai an je nesa ba, nan Zariya a ABU akwai ƙaramar na'urar nukiliya ta bincike tun 2004, ƙirar Sin. Wuta kam ba ta bayarwa, gwajin ƙasa da ma'adinai ake da ita, amma man da ta zo da shi mai kashi 90 ne, wajen kilo ɗaya. A 2018 da taimakon hukumar aka sauya shi da mai kashi 13, aka mayar wa Sin tsohon. Bincike bai tsaya ba, hankali kuma ya kwanta. Gana ma haka tayi da tata a 2017.

Baban Khalifa:
Malam duk mun ji amma ka zagaye tambayar yaron nan. Yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya da ta fara aiki a 1970 cewa tayi ƙasa biyar su riƙe nasu, Amurka, Rasha, Ingila, Faransa da Sin, sauran duniya kowa ya haƙura, su kuma manyan sukayi alƙawarin za su kwance ɗamara a hankali, yau shekara hamsin da ɗoriya ina aka kwana? Indiya da Pakistan da Isra'ila ƙin sa hannu sukayi, shi yasa babu sufeton da ke shiga Dimona, cibiyar nukiliyar Isra'ila. Kenan wanda yayi biyayya shi ake wa binciken ƙwaƙwaf. Gaddafi ya yarda ya miƙa kayansa a 2003, kowa yaga yadda ta ƙare a 2011. Koriya ta Arewa ta fice a 2003 ta gwada bam a 2006, har yau wa ya taɓa ta? Haba malam.

Malamin Fiziks:
Yallaɓai ban musa ba, rabon nan akwai son kai a cikinsa. Amma laifin masu rubuta yarjejeniya daban, na mai awo daban. Tuna 2003 da Amurka tace Saddam ya nemi sayen yuraniyom daga Nijar, Muhammad Albaradi ɗan Masar, shugaban hukumar a lokacin, a gaban Kwamitin Sulhu ya faɗa musu takardun na jabu ne, ana saura kwanaki a fara yaƙi. Ba su ji ba suka shiga Iraƙi, bam ɗin kuma ba a gani ba. Karen farauta baya yi wa ubangidansa haka.

Maman Ummi:
Ku maza kullum bam bam. Ni a ɓangaren hoto nake aiki a asibiti, wlh abin da yafi tsorata ni ba Iran bane, ƴan jari bola ne. A 1987 a garin Goyaniya na Barazil wasu masu tsintar ƙarfe suka shiga wani asibitin da aka bari kango, suka ɓalle kan injin gashin masu ciwon daji suka sayar, da aka fasa sai ga gari mai shuɗin haske cikin duhu, mutane suka dinga rabawa ƴan'uwa ana sha'awa, har wata yarinya ƴar shekara 6 taci abinci da shi a hannunta. Mutum 4 suka rasu har da ita, sama da 200 abin ya taɓa, gidaje sai rushe su akayi. Toh irin injin nan dai shi ne majinyata ke bin layi wata da watanni suna jira, ba za ka ce a daina shigo da shi ba. Shi yasa ko da masu duba lasisi sun zo sun takura mana da ina rajista, ina ɗan ma'aunin da ake maƙalawa a riga, wa ke riƙe da makulli, ni bana jin haushi ko kaɗan.

Ɗan Tudun Wada:
Innalillahi. Hajiya kin ɗaga min hankali, ƙanina sana'ar gwangwan yake a Kano kuma duk abin da aka kawo sai ya sa guduma. Alamar nan mai kamar fanka mai fiffike uku a kan ruwan ɗorawa ita ce ko? Bari in tura masa hotonta yanzu.