Ta ina zan kama tarihin ɓangarancin addini a ƙasashen Larabawa?

Ummi: Salamu alaikum 'yan zaure. An ba ni aikin makaranta kan ɓangarancin addini da zaman tare a tsakanin Larabawa, na rasa bakin zaren. In faro daga Siffin da Karbala ne?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. 'Yata, in kika faro daga Siffin, zango zai ƙare ba ki fita daga ƙarnin farko ba. Kama shekarar 1860. A shekarar ne Duruz (wata al'umma mai aƙidarta ta daban) da Kiristoci Maruniyawa suka gwabza a yankin Dutsen Labanon, a watan Yuli kuma wutar ta isa Dimashƙa, aka kashe dubban Kiristoci a unguwar Bab Tuma. Amma ki duba abin da ya gabata. A 1856 sarkin Daular Usmaniyya (ta Turkiyya, mai mulkin yankin a lokacin, ba tamu ta Sakkwato ba) ya daidaita Musulmi da wanda ba Musulmi ba a gaban doka. Faransa na bayan Maruniyawa, Ingila na bayan Duruz, ga kuɗin cinikin siliki suna ta shigowa. Tun 1858 ma manoma Maruniyawa a Kisrawan, wani yanki na Dutsen Labanon, suka yi wa masu gonakinsu bore, su ma Maruniyawa ne. Rigimar gona da haraji ce kafin a sa mata rigar addini.

Injiniya Bala: Malam, ka ga nan ne ban yarda ba. Komai a ce Turawa? Jiziya da bambancin sutura ai sun girmi Faransa a yankin.

Malam Habu: Ban ce babu bambanci a da ba, Injiniya. Akwai, kuma a rubuce yake. Sabon abu shi ne mayar da aƙida ma'aunin rabon kujera. A 1861 aka tsara wa Dutsen Labanon gwamna Kirista da majalisar da ake cikewa bisa ɓangare. Daga nan aka gangaro 1943: shugaban ƙasa Bamarune, firaminista Sunni, kakakin majalisa ɗan Shi'a.

Anti Rabi: Ummi, ƙara wannan, malaminki zai ji daɗi. Rabon da a yi ƙidayar jama'a a Labanon tun 1932, don kowa na tsoron abin da lissafi zai tona. A ƙarshen yaƙin basasar 1975 zuwa 1990, yarjejeniyar Ɗa'if ta 1989 ta raba majalisa biyu daidai tsakanin Musulmi da Kirista. Har yau ba a ɗaura auren kotu a ƙasar, masu son auren da ya tsallake addini jirgi suke hawa zuwa Saifurus.

Ummi: Na gode Anti. To zaman taren fa? Duk faɗa nake gani.

Anti Rabi: Yana cikin 1860 ɗin. Nemi labarin Amir Abdulƙadir na Aljeriya, wanda ya yaƙi Faransa shekara da shekaru kafin ya zauna a Dimashƙa. Ranar da gari ya rikice ya fito da mutanensa, suna kwaso Kiristoci zuwa gidansa, da gida ya cika aka riƙa raka su sansanin sojan birnin. Sai Buɗrus al-Bustani, Kirista ne, ya buɗe makaranta a Bairut a 1863 wadda ke karɓar yaro ko wane addini yake bi.

Baban Khalifa: Kar a manta da Masar. A boren 1919 an ɗaga tuta mai jinjirin wata da gicciye, wani limamin Kibɗawa (Kiristocin Masar) mai suna Sarjiyus ya hau mumbarin Azhar ya yi jawabi.

Injiniya Bala: Ni Iraƙi zan ba ki, don kar aikin ya yi zaƙi da yawa. Ministan kuɗi na farko a ƙasar Bayahude ne, Sasun Haskel. Duk da haka aka yi wa Yahudawan Bagadaza kisan 1941, zuwa 1951 yawancinsu sun fice. Bayan mamayar Amurka a 2003 aka shigo da rabon muƙami irin na Labanon, a 2006 aka tarwatsa hubbaren imaman Shi'a da ke Samarra, unguwannin da Sunni da Shi'a ke auratayya suka rabu.

Malam Habu: Injiniya ya yi gaskiya a nan, sai dai ƙasa uku ta yi wa aiki ɗaya yawa. Ki tsaya a Labanon, Iraƙi ta zo a shafi ɗaya don kwatance.

Baban Khalifa: In kina Kano ma, ai ga Kwarori, 'yan asalin Labanon, nan. Wasu iyalan asalinsu Juwayya ne a kudancin Labanon, garin 'yan Shi'a, wasu Miziyara a arewa, garin Maruniyawa. Samu dattijo ɗaya ki yi hira da shi.

Ummi: Ina Kano kuwa. Zan tambayi kawuna, yana da shago a Kwari. Malam, in na rubuta gabatarwar zan turo ka duba min.

Malam Habu: Turo bayan Isha'i, kar ta wuce shafi biyu.