Mai gudu da ƙwallo ko ƙaton katanga: wa ya kamata a fara ɗauka?

Autan Zaure: Assalamu alaikum. Jiya bayan mun tashi daga kallo, Yaya Mai Lissafi ya faɗi wata magana da na kwana ina juya ta. Cewa ya yi duk ƙungiyar NFL, wato babbar gasar ƙwallon Amurka, da ta ɗauki mai gudu da ƙwallo a cikin goman farko na zaɓen sabbin 'yan wasa ta ɓarnatar da damarta, gara ta ɗauki ɗaya daga cikin ƙartin katangar gaba, mutum biyar ɗin nan da ke kare mai jifa suna buɗa wa mai gudu hanya. Ni dai ban gamsu ba, ga Saquon Barkley nan kowa ya ga abin da ya yi. Yaya, don Allah maimaita hujjarka a gaban manya.

Yaya Mai Lissafi: Wa alaikumus salam. Ƙanena, Barkley ɗin da ka kawo shi ne babban shaidata. Giants ta ɗauke shi na biyu a 2018. Kakarsa ta farko ya yi gudun yadi 1,307, ya cafe ƙwallo 91, aka ba shi kyautar gwarzon sabbin 'yan wasan kai hari. Ƙungiyar fa? Ta ci wasa 5, an cinye ta 11. Shekara shida ya yi a New York, sau ɗaya tak suka shiga wasannin sili-ɗaya-ƙwale, a kakar 2022, kuma iyakar gudunsa a can yadi 1,312. Ya koma Eagles a 2024, ya yi 2,005 a wasa 16. Ƙafafun ba su canja ba, shekaru ma ƙaruwa suka yi, ga tsohon ciwon gwiwa na 2020. Abin da ya canja shi ne mutanen da ke gabansa: Lane Johnson, Jordan Mailata, Landon Dickerson, Cam Jurgens da Mekhi Becton.

Kawu na Bronx: Ɗana, ka taɓo inda yake mini ciwo. Na fi shekara ashirin ina goyon bayan Giants, kuma daren da aka kira sunan Barkley na yi murna har raina, ba zan ɓoye ba. Amma ka faɗi ɗaya ka bar ɗaya. Kana magana kamar Giants ba ta taɓa gwada shawararka ba. A 2015 mun ɗauki Ereck Flowers na tara, ɗan katanga ne, bai zaunu ba har aka sallame shi a tsakiyar kakar 2018. A 2022 muka sake ɗaukar Evan Neal na bakwai, shi ma bai zama abin da aka sa rai ba. Ƙato ma yana iya zama asara. Da muka bar Barkley ya tafi, a 2024 wasa 3 muka ci, aka cinye mu 14, shi kuwa yana can wajen abokan hamayyarmu yana ɗaga kofi.

Yaya Mai Lissafi: Kawu, Allah ya huci zuciyarka. Ban ce kowane ɗan katanga yana yin kyau ba. Greg Robinson na biyu ne a 2014, Luke Joeckel na biyu a 2013, duk ba su kai inda aka zata ba. Maganata ta kuɗi ce, kuma a nan nake so a tsaya a duba da kyau.

Tun yarjejeniyar 2011 tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa, albashin sabon ɗan wasa ya dogara ne da lambar da aka ɗauke shi, ba da gurbin da yake bugawa ba. Na biyu kuɗinsa ɗaya ne, ko mai jifa ne, ko ɗan katanga, ko mai gudu. Barkley ya sa hannu a kan wajen dala miliyan 31 na shekara huɗu, wato kusan miliyan 8 a shekara. Tun bai taɓa ƙwallo ba ya shiga sahun masu gudun da suka fi kowa albashi. Ke nan Giants ba ta samu wani rangwame ba. A watan Maris na 2018 ɗin kuma ta ba Nate Solder dala miliyan 62 na shekara huɗu don ya tsare mata gefen hagu na katanga, miliyan 15 da rabi a shekara. To ka gani, abin da yake da araha a kasuwa shi ta saya da lamba ta biyu, abin da yake da tsada kuma ta je ta saye shi da tsabar kuɗi. Alhali kowace ƙungiya tana da iyakar albashin da doka ta yarda ta kashe, dalar da ta tafi nan ba za ta je can ba.

A 2023 kuɗin riƙe ɗan wasa na shekara ɗaya, wanda ake lissafa shi daga albashin manyan kowane gurbi, ya kai wajen miliyan 10 ga mai gudu, sama da miliyan 18 ga ɗan katanga. Ba ni na tsara wannan ba, ƙungiyoyi 32 ne suka nuna abin da suke ganin ya fi wuyar samu.

Malam na Dallas: Ina goyon bayan Mai Lissafi, don a gabana aka yi. Cowboys ta ɗauki Tyron Smith a 2011, Travis Frederick a 2013, Zack Martin a 2014, duk a zagayen farko. A bayansu DeMarco Murray, wanda a zagaye na uku aka samo shi, ya yi yadi 1,845 a 2014. Ya koma Eagles a 2015 ya ƙare da 702. Mu kuma muka sa Darren McFadden, wanda mutane suka riga suka cire rai da shi, ya haura yadi dubu a bayan katangar nan. Broncos ma haka ta yi zamanin koci Mike Shanahan: Terrell Davis daga zagaye na shida, ya yi 2,008 a 1998, da ya ji ciwo, Olandis Gary ya haura dubu, bayansa Mike Anderson ya haura, sannan Clinton Portis. Mutum huɗu, hanya ɗaya.

Autan Zaure: Malam, amma ai ku kuka ɗauki Ezekiel Elliott na huɗu a 2016, ya fi kowa gudu da yadi 1,631, kuka ci wasa 13. Me ya sa ba ku zauna da McFadden ɗin ba?

Malam na Dallas: Gaskiyarka, Auta, shekarar ta yi daɗi. Abin da ya biyo baya shi ne ban ji daɗinsa ba. A 2019 aka ba shi dala miliyan 90 na shekara shida, a Maris na 2023 aka sallame shi, kwantiragin bai je ko'ina ba. Todd Gurley ma Rams ta ba shi babban kwantiragi a 2018, kafin shekara biyu ta cika ta rabu da shi saboda gwiwa. Mutumin da ake ba ƙwallo sau ɗari uku a kaka, kowane ɗauka ƙarti su taru su danne shi, jikinsa ba ƙarfe ba ne. Ɗan katanga kuwa Lane Johnson tun 2013 yake wuri ɗaya.

Hajiya ta Detroit: Ku yi haƙuri in sa baki, don mu 'yan Lions mun ga fuskar maganar nan duka biyu. A 1989 Packers ta ɗauki Tony Mandarich na biyu, ana cewa ba a taɓa ganin ɗan katanga irinsa ba. Lions ta ɗauki Barry Sanders na uku. Mandarich bai yi abin kirki a Green Bay ba, Sanders kuwa ya yi kaka goma, kowacce ya haura yadi dubu, ya yi 2,053 a 1997. Da Lions ta bi ƙa'idar ƙanena Mai Lissafi, da garin nan bai san Barry ba. Kuma duk wanda ya kalli Barry ya san sau da yawa babu wata hanya da aka buɗa masa, shi yake ƙirƙiro ta da ƙugunsa da idonsa.

Sai kuma ɗaya fuskar. A 2023 da Lions ta ɗauki Jahmyr Gibbs na 12, masu sharhi sun yi ta suka. A 2024 ya shiga gidan ci, wato ƙarshen filin abokan hamayya, sau 20, ya fi kowa, muka ci wasa 15. Amma kafin Gibbs ya zo, an riga an ɗauki Taylor Decker a 2016, Frank Ragnow a 2018, Penei Sewell na bakwai a 2021. Ni a ganina tambayar ba wa ya fi wani ba ce, wa ake fara kawowa ce. Wanda bai gina murhu ba ba ya sayen tukunyar tsada. Giants ta 2018 katangarta a rushe take, mai jifanta Eli Manning ya tsufa, ga mai jifa Josh Allen yana zaune har lamba ta bakwai. Wannan ne kuskuren, ba Barkley ba.

Kawu na Bronx: Hajiya, kin faɗi abin da yake zuciyata. Yaron nan bai yi mana laifin komai ba. Sau nawa na ga an miƙa masa ƙwallo mai tsaron baya ya riga ya iso kansa, tun bai ɗaga ƙafa ba. Amma ina da tambaya ga ɗana Mai Lissafi. Joe Thomas, ɗan katanga, na uku ne a 2007, an tayar da ƙwallo sau 10,363 a jere yana cikin fili bai fita ko sau ɗaya ba, yana cikin zauren gwarzaye yanzu. Shekara 11 a Browns, bai taɓa buga wasan sili-ɗaya-ƙwale ba. In rashin nasarar Giants hujja ce a kan Barkley, me ya sa rashin nasarar Browns ba hujja ba ce a kan Thomas? A wannan zaɓen na 2007 mai gudu Adrian Peterson ya tafi na bakwai, a 2012 ya yi yadi 2,097, ya ɗauki Vikings a kafaɗarsa har wasannin ƙarshe, aka ba shi gwarzon shekara.

Yaya Mai Lissafi: Kawu, wannan ta kama ni, na karɓa. Bai kamata in auna mutum ɗaya da sakamakon ƙungiya ba, na janye wannan ɓangaren. Katanga ma mutum biyar ce, nagari ɗaya ba ya toshe ɓarakar huɗu. Abin da ban janye ba shi ne wahalar samun madadi. Derrick Henry a zagaye na biyu aka ɗauke shi, ya yi 2,027 a 2020. Isiah Pacheco a zagaye na bakwai Chiefs ta same shi a 2022, ya ture Clyde Edwards-Helaire da ta ɗauka a zagayen farko a 2020, suka ci Super Bowl, wasan ƙarshe na ɗaukar kofi, sau biyu a jere da shi. Ku tuna kuma Fabrairun 2021, da Chiefs ta shiga Super Bowl babu Eric Fisher babu Mitchell Schwartz, masu tsaron gefe biyu na katangarta. Mai jifanta Patrick Mahomes gudun tsira ya wuni yana yi, Buccaneers ta ci 31 da 9, Chiefs ba ta shiga gidan ci ko sau ɗaya ba. In mai gudunka ya ji ciwo, na bayansa zai kawo maka mafi yawan abin da yake kawowa. In masu tsaron gefe biyu suka faɗi, har Mahomes ba ya da dabara.

Autan Zaure: To amma Yaya, Mailata da ka lissafa a katangar Eagles ai a zagaye na bakwai aka ɗauke shi a 2018, ɗan wasan rugbi ne daga Ostireliya da bai taɓa buga wannan ƙwallon ba. Jason Kelce zagaye na shida ne a 2011. Chiefs bayan kashin da ta sha ta samo Creed Humphrey a zagaye na biyu, Trey Smith a na shida. Ashe 'yan katangar ma ana tsintarsu a ƙasa.

Malam na Dallas: Auta ya yi tambaya mai kyau. Amma ka lura, Mailata sai da ya shekara biyu yana koyo a hannun Jeff Stoutland, kocin katangar Eagles a lokacin, bai buga wasan gasa ba sai 2020. Ba kowace ƙungiya ce take da irin wannan malami da irin wannan haƙuri ba. Kelce da Humphrey da Smith kuma 'yan tsakiya ne. Su ana samunsu a ƙasa, na yarda. Na gefe, wanda zai tsaya shi kaɗai da mai farautar mai jifa, doguwar halitta mai nauyin kilo 140 da ƙafa mai sauri, irinsu kaɗan ne a duniya, shi ya sa ake wawashe su da wuri. Sewell ya samu dala miliyan 112 na shekara huɗu a 2024. Barkley bayan duk abin da ya yi, a Maris na 2025 aka ba shi wajen miliyan 41 na shekara biyu, kuma shi ne mai gudu na farko da ya haura miliyan 20 a shekara.

Hajiya ta Detroit: Akwai abin da lissafi ba ya kamawa da sauƙi, ina so ƙanena ya duba. A Super Bowl na Fabrairun 2025 a New Orleans, Barkley yadi 57 kawai ya yi a ɗauka 25. Wani zai ce ai ka gani, ba a bukace shi ba, Eagles ta ci Chiefs 40 da 22. Ni kuwa na ga Chiefs ta tara hankalinta duka a kansa, sai Jalen Hurts, mai jifan Eagles, ya samu fili yana jifa yana gudu. Tsoron Barkley ya yi aiki ko da ƙafarsa ba ta yi ba. Pacheco yaron kirki ne, amma babu kocin da ke kwana yana tunaninsa haka.

Yaya Mai Lissafi: Hajiya, na yarda da tsoron. Ki ƙara da cewa a wasan an kayar da Mahomes sau shida, kuma mutum huɗun gaba na Eagles ne suka yi aikin ba tare da an turo musu ƙarin mutum ba. Su ma ƙartin layi ne, na ɓangaren tsaro, Jalen Carter da Jordan Davis duk zagayen farko. Eagles ta zuba zaɓenta a layukan biyu, Barkley kuwa da kuɗi ta saye shi, ƙasa da dala miliyan 38 na shekara uku, ba ta kashe lamba ko ɗaya ba.

Kawu na Bronx: Ita ta ci riba, mu muka raine shi. Yanzu ga Raiders ta ɗauki Ashton Jeanty na shida a Afrilun 2025, bayan ta ci wasa 4 kacal a kakar da ta gabata, Jets kuma ta ɗauki Armand Membou, mai tsaron gefe, na bakwai. Ina yi wa yaron nan addu'a kada ya sha abin da namu ya sha. Auta, kai da kake da ƙuruciya, ka rubuta sunayen biyun ka ajiye, in Allah ya kai mu ƙarshen kwantiraginsu na farko ka tuna mana.

Autan Zaure: In sha Allahu, Kawu. Na rubuta, na haɗa da sunayen mutum biyar da ke gaban Jeanty.